Ma'aikacin Da Ya Dawo Da Rabin Ƙarfi

In ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, akan yi ta'aziyya, a shiga maganar haƙƙin magada. In ya naƙasa har ba ya iya tashi, kowa ya san sallama ce. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne na tsakiya: direban da ya karye a ƙugu ya warke, amma ba ya iya zaman mota daga Kano zuwa Abuja, ko mai aikin inji da ya rasa yatsu uku. Irin wannan bawan Allah yana son komawa aiki, kuma yana iyawa, sai dai ba kamar da ba.

Doka dai ba ta manta da shi ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, ba tare da an zaftare ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba. In rauni ya rage wa mutum ƙarfin nema, hukumar za ta ƙiyasta abin da ya yi asara, ta riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na wannan giɓin. A ce mai albashin naira 100,000 an ƙiyasta yanzu 60,000 kaɗai zai iya samu. Giɓin 40,000 ne, diyyarsa 36,000. Ashe komawa aiki ba ta soke diyya, domin rata ake cike masa.

To, ina gizo ke saƙar? Ma'aikata da yawa ba su taɓa jin labarin dokar ba, alhali kuwa tana da wa'adi. Kwana 14 aka ba wanda ya ji rauni ya sanar da ma'aikatarsa, kwana 7 aka ba ma'aikatar ta kai rahoto, shekara ɗaya aka yanke don neman diyya. Mutumin da ke kwance a asibiti, ko a hannun mai ɗori, ba kwanaki yake ƙidayawa ba. In ya dawo kuma, sai a ajiye masa kujera a lungu babu aikin yi, ana jira ya gaji ya nemi ritaya da kansa. Wannan kora ce, ko da ba a rubuta ta a takarda ba, kuma abin kunya ne a ƙasar da dokarta ta naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ba naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Yaya za a yi alkawarin ɗaukar na waje, ana tura na gida waje?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, rahoton nan na kwana 7 ba babban sakatare ke rubuta shi ba. Teburin ƙaramin jami'i yake faɗawa, wato ɗayanmu, yau ko gobe. Muna kira ga ƙungiyoyin ƙwadago su fassara waɗannan wa'adodi da Hausa su liƙa a ƙofar kowace ma'aikata. Shugabannin ofisoshi kuma su sauya wa direban nan aiki, su ba shi rajistar motoci da lissafin mai, aikin da ya fi kowa sani a ofishin.