Kafin Ka Yi wa Kwamfutarka Fomat, Tsaya Ka Bincika

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka abin yake ga kwamfuta. Ba a sanin lafiyarta lokacin da ake buga takarda ko sauraren waƙa, sai an ɗora mata aiki mai nauyi. Akwai wata matsala da ta addabi matasa masu buga gem a kwamfuta a nan cikin garin Bauci, tun daga ɗakunan ɗalibai na Yelwa da Gwallameji har zuwa shagunan da ke kewaye da kasuwar Wunti. Na'ura tana aiki lafiya lau, amma da zarar an shiga wasa mai nauyi irin su GTA V ko Call of Duty, sai allo ya yi baƙi, ta mutu, ta sake tashi da kanta kamar ba abin da ya faru.

A wannan 'yar maƙala ina so in bayyana ra'ayina a kan maganin da aka fi rubuta wa wannan cuta, wato fomat. A nawa ganin, gaggawar goge kwamfuta kafin a bincike ta ɓarna ce ta kuɗi da lokaci, kuma sau da yawa ba ta taɓa ko gefen matsalar.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin harshe da kwamfutar gem? Ai da yawa daga cikinmu na'ura ɗaya gare mu. Da ita muke wasa da dare, da ita muke buga kundin bincike, a cikinta muke adana muryoyin dattawan da muka ɗauko a ƙauye don nazarin karin harshe. Duk lokacin da ta mutu ba zato, fayil ɗin da ke buɗe yana iya lalacewa. Duk lokacin da aka yi mata fomat cikin gaggawa, aikin wata shida yana iya tafiya. Ga mai shagon gem ko mai tace bidiyon biki kuwa, abincinsa ne ke tangal-tangal, domin ba wanda zai biya kuɗin wasan da ke yankewa ana tsakiyar cin ƙwallo.

Abin da alamar take faɗa

Ya kai mai karatu, lura da abu guda: na'urar ba ta mutuwa sai ta ɗauki kaya. Kwamfutar da ke zaune ana buga takarda da ƙyar take jan wat 100. Amma idan gem ya kankama, katin hoto da furosesa sukan buɗe baki gaba ɗaya. Alal misali, katin RTX 3080 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2020 shi kaɗai yana cin wat 320, kuma kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 750. Ke nan abubuwa biyu ne suke ƙaruwa lokacin wasa: wutar da ake ja da zafin da ake fitarwa. Mai hankali daga nan zai fara tuhuma. Bairos ba ya jira sai ka shiga gem kafin ya yi aikinsa, kuma sabon Windows ba ya ƙara wa na'ura ko wat ɗaya.

Wanda ake tuhuma na farko: wuta

Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, shi ne ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke amfani da su. Abin takaici, shi ne kayan da muka fi yi wa rowa. Saurayi zai tara kuɗi wata da watanni ya sayo katin hoto daga Ikeja, sannan ya haɗa shi da tsohon fawa fak na gwanjo da aka ciro daga kwamfutar ofis. Araha ba ta ado. Lambar da aka rubuta a jikin irin waɗannan akwatuna ba kullum take zama gaskiya ba, kuma ƙarfinsu yana raguwa da tsufa da zafi.

Bugu da ƙari, katunan hoto na zamani sukan fizgi wuta farat ɗaya, fiye da abin da aka rubuta musu, na ɗan ƙanƙanin lokaci. Idan akwatin bai iya jurewa ba, sai ya yanke wuta don kare kansa, na'ura ta sake tashi. Wannan matsala ce ta sa ƙa'idar ATX 3.0 da kamfanin Intel ya fitar a 2022 ta buƙaci manyan akwatunan wuta su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa.

Mu a nan muna da ƙari a kan wannan, domin wutar da ke shigowa ma ba tsayayya ba ce. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, kuma irin wannan ne ke tura mutane ga janareto da sola. Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai ƙarfinsa bai kai wat dubu ba, ga shi an rataya masa fanka da talabijin da cajin wayoyin maƙwabta. Da gem ya ja wuta sai ka ji kukan injin ya sauya, kwamfuta ta faɗi. Haka kuma ƙaramin UPS mai lamba 650, wanda ya fi yawa a shaguna, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. An yi shi ne don kwamfutar ofis. Idan ka ɗora masa na'urar da ke jan wat 500, shi da ka sayo don kariya shi zai riƙa kashe ta. Wasu injinan sola masu araha su ma wutar da suke bayarwa ba ta jituwa da fawa fak na zamani.

Na biyu: zafi da ƙura

Duk wanda ya yi bazara a Bauci ya san yadda Maris da Afrilu suke, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya zama tanda. Kafin nan hunturu ya riga ya cika cikin na'ura da ƙura, ta toshe fankoki da ƙarafan da ke zuƙe zafi. Yawancin furosesa na yanzu iyakarsu digiri 95 zuwa 100. Idan suka kai nan sai su rage gudu, wasa ya fara sarƙewa, idan abin ya ci gaba su kashe kansu. Man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarta shi ma yakan bushe bayan wasu shekaru. Kwamfutar da ta yi lafiya a Disamba ta fara faɗuwa a Afrilu, ta riga ta gaya maka ciwonta.

Yadda ya kamata a bi

Shawarata ita ce a bi abin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, kuma kada a sauya abu biyu lokaci guda. Da farko, kwafe duk aikinka zuwa wani wuri. Na biyu, shiga saitin Windows ka hana ta sake tashi da kanta idan ta samu matsala, domin wannan saitin yakan ɓoye shuɗin allon da ke ɗauke da bayanin laifi. Sannan buɗe Event Viewer. Idan ka ga Kernel-Power mai lamba 41, ma'anarsa kawai na'ura ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Idan babu wata lambar laifi tare da shi, zargi ya ƙara karkata ga wuta.

Na uku, sa manhaja irin HWiNFO ta nuna maka zafi yayin da kake wasa. Buɗe murfin gefe, hure ƙura, kunna fankar ɗaki ta fuskanci na'urar. Idan matsalar ta lafa, ka kama ɓarawo. Na huɗu, cire UPS da doguwar wayar soket mai araha, ka gwada na'urar a wani gida mai tsayayyiyar wuta. Na biyar, raba aikin: Prime95 yana wahalar da furosesa kaɗai, FurMark yana wahalar da katin hoto kaɗai. Idan kowanne ya wuce shi kaɗai amma na'ura ta faɗi da aka haɗa su, fawa fak ne ya gaza. Rage wutar katin hoto zuwa kashi 70 cikin ɗari da MSI Afterburner shi ma gwaji ne mai kyau da ba ya cin ko kwabo. Na shida, gwada ram da MemTest86, ka mayar da saitin BIOS yadda ya zo daga kamfani, ka jarraba sandunan ram ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe, ari lafiyayyen fawa fak wurin aboki kafin ka sayi sabo. Gargaɗi ɗaya: kada ka kuskura ka buɗe cikin fawa fak, domin yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Ta ɓangaren masu gyara

Adalci ne a ce wani lokaci laifin na manhaja ne. Direban katin hoto yakan lalace, kuma gem ɗin sata da ake kwafa a filashi yakan zo da ƙazanta. Amma direba ana iya cire shi a sa sabo cikin minti ashirin ba tare da an goge komai ba. Wani lokaci kuma kayan ne suka zo da aibi daga masana'anta, kamar yadda Intel ya amsa a 2024 cewa wasu furosesa nasa na zubi na 13 da na 14 suna samun tangarɗa saboda yawan wutar da suke nema, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu. Wanda ya yi ta fomat a kan wannan, ai ya yi ta zuba ruwa a kwando ne.

Su ma masu gyara suna da uzurinsu. Mai kaya yana tsaye a kansu yana son na'urarsa yau-yau, ba ya son biyan kuɗin bincike, sai dai kuɗin abin da ya gani da ido. Fomat kuwa aiki ne da ake gani. Don haka gyaran ya shafe mu duka. Mu masu kai gyara mu yarda cewa awa biyu da mai gyara ya yi yana gwaji aiki ne da ya cancanci lada. Su kuma su ajiye fawa fak da ram na gwaji a shago, su kunna gem ɗin a gaban mai kaya kafin su ce an gama.

Kammalawa

'Yan uwana ɗalibai, idan za ku haɗa kwamfuta, ku ware wa akwatin wuta kasonsa tun farko, ku bar masa rarar ƙarfi, ku share ƙura duk ƙarshen hunturu, ku kuma ajiye kwafin aikinku a wuri biyu. Idan ta fara faɗuwa, ku rubuta lokacin da abin ya faru, da wasan da kuke yi, da irin wutar da kuke kai, ku tafi da takardar wurin mai gyara. In ya ce fomat, ku tambaye shi cikin ladabi: Malam, me ka gwada tukuna?