Kafin ka yarda da hoton ƙasa a allo, tambayi yadda aka saita shi

Ya zama ruwan dare yanzu ka shiga taron ƙaramar hukuma, ko na ƙungiyar manoma, ko ajin jami'a, ka tarar an haska Google Earth a bango, an kwantar da ƙasa, duwatsu sun miƙe, koguna sun shimfiɗe, jama'a suna ta gyaɗa kai. Dillalan filaye ma ba a bar su a baya ba. Sai a ɗauki hoton allo a tura wa mai saye da ke Legas ko Jidda ta WhatsApp, a ce masa Alhaji ga filinka nan. Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma ina murna da wannan ci gaba, domin na koyar a lokacin da taswirar bango guda ake yawo da ita aji-aji har ta yage. Damuwata ita ce kusan duk wanda na gani yana amfani da manhajar, yadda ya sauke ta haka ya bar ta, bai taɓa leƙa wurin saitinta ba. Saitin nan kuwa shi ke yanke abin da ido zai gani da abin da zai ɓace masa, kuma wanda ta zo da shi daga kamfani ba a yi shi da ƙasa irin tamu a zuciya ba.

Ina magana ne a kan Google Earth Pro ta kwamfuta, wadda a da ake biyan dala 399 a shekara kafin a mayar da ita kyauta a watan Janairun 2015. Ta waya ba ta da wasu daga cikin abubuwan da zan ambata. Idan ka shiga Tools ka zaɓi Options, a shafin farko akwai wani ɗan akwati na ƙara tsayin ƙasa, yana karɓar lamba daga 0.01 zuwa 3, kuma a kan 1 yake zuwa. Ma'anar 1 ita ce mita ɗaya ta tsaye daidai take da mita ɗaya ta kwance. Ga mai kallon tsaunukan Jos ko na Mambila, wannan ya wadatar, domin ƙasar da kanta tana nuna tudunta da kwarinta. Mu kuwa fa? Birnin Kano yana wajen mita 480 sama da teku, Tafkin Chadi yana wajen 280, tsakaninsu kuma tafiya ce ta fiye da kilomita 500. Wato ruwan da ya taso daga Tiga da Challawa, ya bi ta Wudil da Haɗeja da Gashuwa, gangaren da yake bi bai kai rabin mita a kowace kilomita ba. A saitin 1 duk wannan yanki shafe yake kamar faifai. Alhali ɗan bambancin da ido bai gani ba shi ne ke raba unguwar da za ta kwana a bushe da wadda za ta kwana cikin ruwa a watan Agusta.

Mayar da lambar 3, ka kwantar da kallon har ya kusa gefen sama, sannan ka kunna alamar rana ka ja lokaci zuwa hantsi ko la'asar sakaliya don inuwa ta fito. Nan take Dala da Gwauron Dutse za su tashi tsaye a tsakiyar birnin Kano, kwarin Challawa ya bayyana, jigayin nan na tsohon yashi da suka jeru a ƙasar Jigawa su fara nuna kansu, kowanne da fadamarsa a gindi. Na ga ɗaliban da suka sha wahalar layukan tsayi na taswirar jarrabawar WAEC sun gane su cikin darasi guda bayan sun kalli Dala ta wannan hanya sannan suka koma kan takarda. Inda ko 3 ɗin ba ta isa ba, irin tsakanin Haɗeja da Nguru, akwai abin da ya fi: ka ja layi daga gari zuwa bakin kogi, ka nemi manhajar ta zana maka hawa da saukar layin. Zanen zai fito a ƙasan allo, kana bin sa da linzamin kwamfuta yana gaya maka tsayin kowane wuri.

Amma akwatin nan yana da haɗari, kuma manyan masana ma ya taɓa jawo musu surutu. A farkon shekarun 1990 hukumar NASA ta Amurka ta fitar da hotunan duniyar Zahra daga kumbon Magellan, inda tsaunuka suka fito tsirara masu tsini. An ƙara musu tsayi sau 10, wasu ma fiye da sau 20, jama'a kuwa suka ɗauka haka wurin yake, har wasu masana taurari suka fito suka yi ƙorafi. To idan mai neman kwangilar hanya ko mai neman tallafi ya bar lambar a kan 3 bai faɗa ba, gangaren da amalanke ke hawa ba tare da wahala ba zai fito a bango ya ninka kansa sau uku, kansiloli su amince da kuɗin da aikin bai kai ba. Ban ce a daina ƙara tsayi ba, ni ma kullum ina yi. Cewa na yi duk wanda ya ƙara, ya faɗi lambar da bakinsa, ya kuma rubuta ta a ƙarƙashin hoton.

Ya kamata kuma mu san daga ina tsayin nan ya fito. Tushen da aka daɗe ana dogaro da shi a yawancin sassan duniya shi ne awon da kumbon Endeavour ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Da farko abin da aka saki na Afirka awo ɗaya ne a kowace mita 90, sai a 2014 aka saki na mita 30. Ka lura, fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo duka-duka mita 15 ne da 30, wato bai ma cika gurbin awo ɗaya ba. Rada kuma ba ta san bambancin rufin kwano da kan bishiyar darbejiya da ƙasa ba, abin da ta fara tararwa shi take aunawa, kuma kuskuren 'yan mitoci abu ne da aka sani a cikinta. Bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024, lokacin da ruwan kogin Ngadda ya mamaye Maiduguri, na ga wasu matasa masu kyakkyawar niyya suna shimfiɗa shuɗin launi a kan garuruwansu a wani tsayi, suna cewa ga unguwannin da ruwa zai ci idan dam ɗinsu ya ɓalle. Na yaba musu da tunanin. Sai dai awon da zai iya yin kuskuren mita uku bai isa a ce wa magidanci gidanka ya tsira na maƙwabcinka ya tafi. Manhajar tana nuna maka inda ruwa ya fi son bi a faɗin gari. Maganar kwalbati da magudana da tsayin dakalin gida kuwa sai safiyo ya zo da na'urarsa ya taka wurin, hasashen ambaliya na shekara kuma a duba wanda hukumar NIHSA ke fitarwa.

Sai batun juya kallo, wanda mutane suka fi rainawa. Bahaushe da gabas da yamma yake sanin wuri. Duba kowace takardar cinikin gona da aka rubuta a gaban mai unguwa: gabas ta yi iyaka da wane, yamma da hanya, kudu da burtali, arewa da gonar gado. Manhajar kuma yadda ta zo, da zarar ka matso kusa da ƙasa sai ta fara kwantar da kallon da kanta, hannu kuma ya ɗan goce a kan linzami sai arewa ta koma gefe ba ka ankara ba. A haka ake ɗaukar hoton allo a kai gaban dattawa, su kuwa sun ɗauka saman hoto arewa ne. A kallon da aka kwantar, abin da ke kusa ya fi girma, na nesa ya tsuke, gonar da ke ƙasan allo sai ta yi kamar ta ninka ta maƙwabci. Maganin bai kai minti ɗaya ba. A shafin kewayawa na saitin akwai zaɓin hana ta kwantar da kallo da kanta, a zaɓe shi. Harafin N yana mayar da arewa sama, U yana mayar da kallo daga sama kai tsaye, R yana yin duka biyun. Duk wanda zai auna fili ko ya ɗauki hoton da za a yi shari'a ko ciniki da shi, ya danna R tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lambobin wuri, domin nan ne ake asarar kuɗi da zumunci. Manhajar tana iya nuna su a digiri da minti da sakan, ko a digiri mai ɗigo, ko a tsarin UTM na mitoci. Wanda ya karanta 12.30 ya ɗauka digiri 12 da minti 30 ne ya yi kuskuren kilomita 22, domin 12.30 digiri 12 ne da minti 18. A tsarin UTM kuma Najeriya ta ratsa shiyya uku: Sakkwato tana cikin ta 31, Kano ta 32, Maiduguri ta 33, kuma lamba ɗaya tana nufin wuri daban a kowace shiyya. Ko an dace da duk wannan, akwai sauran rina a kaba. Google Earth tana aiki da ma'aunin duniya na WGS84, wanda GPS ɗin waya ma ke bi, kuma babu wurin sauya shi a cikinta. Takardun safiyo da yawa a ƙasar nan kuwa a kan ma'aunin Minna aka yi su, wanda muka gada tun zamanin Turawa. A yankin Kano tazarar da ke tsakanin biyun ta gabas da yamma kaɗai ta kai wajen mita 80. Yaro mai ilimin kwamfuta zai kwafi lambobin da ke takardar mahaifinsa ya zuba a manhaja, alamar ta faɗa cikin gidan mutum na uku a layin, ya tashi ya ce an cinye musu fili. Babu wanda ya ci komai. Lambobin ne ke buƙatar a juya su daga wannan ma'auni zuwa wancan, aikin da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, ko kowane ofishin safiyo ke yi cikin ɗan lokaci.

Ma'aunin tsayi ma a duba shi. Sau da yawa takan zo a ƙafa da mil, sai ɗalibi ya ga 1,600 a ƙasan allo a kan Kano ya rubuta mita, ya ɗora birnin a tsayin Mambila.

A ƙasan allon nan dai akwai kwanan watan da aka ɗauki hoton, da ƙananan haruffa, kuma shi ne abin da dillali ba ya son ka karanta. Gajimare yana rufe ƙasa da damina, don haka da yawa daga cikin hotunan da suka fito tas na rani ne, lokacin da fadama ta bushe ta yi fari fat kamar kowane fili. Alamar agogo da ke saman allo tana buɗe tsofaffin hotuna, a manyan birane kuma sukan koma baya shekaru masu yawa. Ja ta baya ka gani ko filin da ake tallata maka kududdufi ne da aka cike da shara, ko ramin da aka haƙi ƙasar bulo. Mutanen Kano sun san kududdufai nawa aka cike aka yi gini a kansu, sun kuma san inda ruwan da ke zuba cikinsu yake komawa yanzu. Wanda ke aiko da kuɗi daga nesa don a saya masa fili, wannan agogon ya fi masa amfani fiye da duk rantsuwar da za a yi masa a waya.

Wani zai ce malam, mutanen da ke fama da wuta da tsadar data kake wa wannan dogon bayani? Shi ma saitin ya taɓo shi. Akwai shafin ma'ajiya inda za ka ɗaga wurin ajiya zuwa iyakarsa, wajen gigabait 2. Ka zagaya yankin da kake so a inda akwai intanet, a hankali, har hotunan su fito sosai, sannan ka tafi ƙauye da kwamfutar, abin da ta ajiye zai buɗe ba tare da layi ba. Ka kashe gine-gine masu siffa da hotunan 'yan yawon buɗe ido da sauran tarkacen da ke gefen hagu, ka rage ingancin zanen ƙasa idan kwamfutar tsohuwa ce. Da haka nake shiga aji a makarantar da ko sabis ɗin kira sai an fita bakin titi.

Roƙona ga abokan aikina malamai shi ne darasin farko na wannan manhaja ya kasance a shafin saiti, kafin yaro ya tafi neman rufin gidansu. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman labarin ƙasa su sa shi cikin aikin taswira, kusa da sikeli da alamar arewa da muka saba koyarwa. Ga editocin jaridu da shugabannin taro da masu unguwanni kuma, idan aka kawo muku irin wannan hoto, ku nemi abu huɗu a rubuce a ƙarƙashinsa: ranar da aka ɗauki hoton, lambar ƙarin tsayi, inda arewa take, da ma'aunin da lambobin wurin suke kai. Wanda ya san aikinsa zai rubuta su nan take a gabanku. Wanda ya kasa, a ba shi kwana biyu ya koma ya duba, a ɗage maganar filin ko kwangilar har ya dawo.