WA ZAI AMSA MIKI TAMBAYAR KABARI?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kam sai na amayar da ita ko da za a ce bakina ya yi tsawo. Ita ce wadda ake cusa wa yarinya tun ranar da aka sa ta a lalle: wai ke yanzu ba ki da kanki, addininki yana hannun maigida, in ya shiga Aljanna zai ja ki. Har ta kai sai ki ga mace ta shekara 10 a ɗakin miji ba ta san farillan alwala ba, in an tambaye ta sai ta ce, "Ai Malam ya sani." To Malam ya sani, ke fa?

Kullum muna faɗa cewa Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya. Ƙulhuwallahu aya 4 ce kacal, yaran da ba su iya ɗaura zani ba ma sun haddace ta. Amma mun taɓa zama mun auna nauyinta? In har Allah ɗaya ne, to babu wani ƙaramin ubangiji da ya gitta tsakaninki da shi. Ba miji, ba uba, balle malamin tsibbun da kike tsakurar kuɗin cefane ki kai masa don ya yi miki mallaka. Dukkansu bayi ne irinki, ranar da kike tsoro su ma ita suke tsoro.

Shi kaɗai ne, amma bai buga mu kamar bulo a ma'auni ɗaya ba. Ɗaga yatsanki ki duba zanen da ke jikinsa. Ba irin na kowa ba ne, ko Hassana da Usaina kowacce da nata. A Suratul Ƙiyama aya ta 4, da Allah zai nuna ikonsa na tayar da matattu, kan yatsu ya ambata. Wanda ya ware ki tun daga yatsa, shi ne zai cakuɗa ki da wani ranar hisabi? Aya ta 95 a Suratu Maryam ta gama magana, kowa shi kaɗai zai je.

In kina son ki ga ƙarshen wannan ruɗi, buɗe ƙarshen Suratut Tahrim. Matar Annabi Nuhu da matar Annabi Luɗu, a ɗakin Annabawa suke kwana, amma auren bai tsinana musu komai ba da suka ƙi imani. Ga kuma Asiya a gidan Fir'auna, mutumin da ya ce shi ne ubangiji, ita kuwa ta roƙi gida a Aljanna, aka kafa misali da ita ga muminai maza da mata. Don Allah wane miji ne ya kai Annabi daraja? Wane ne kuma ya kai Fir'auna lalacewa?

Na san za a ce ga ta nan, 'yar rubuta littattafan soyayya ta fara zuga mata su bijire. Ko kusa. Bin miji cikin abin da ba saɓon Allah ba ibada ce, ni ma ina yi. Amma don wa kike binsa? In don Allah ne, to sai kin san Allahn tukuna. Kuma wannan magana ba daga Turawa na aro ta ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, suna ta yi musu wa'azin biyayyar miji ba sa koya musu biyayyar Allah. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna koya wa matan aure tauhidi da tsarki da salla. Su ma za ku ce zuga mata suka yi?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, maigidan da zai ce Islamiyyar matan aure yawo ce, shi ne zai bar ki kwana uku a gidan biki, har ya ba ki kuɗin anko. Ke ma kuma, mu faɗi gaskiya, kin fi nacin roƙon unguwa a kan roƙon makaranta. Kuɗin atamfa ɗaya ya isa ya saya miki Ahalari da Ishmawi har da canji. Randa aka rufe ki aka watse, Munkar da Nakir ke za su tayar su zaunar, kuma cikin tambayoyin nan uku babu wadda ake amsawa da "Malam ya sani."