MAI SAYEN MOTA YA KARANTA ƘARFE KAFIN YA KARANTA TAKARDA

Duk wanda ya bi titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a unguwar Wuse ta Abuja da yamma, zai ga irin motocin da samari suke yayi. Ga Mustang, ga Challenger, ga Charger, masu ƙugi kamar hadarin Agusta. Ga kuma tsofaffin Mercedes da Peugeot 504 waɗanda aka jawo daga bayan gida, aka yi musu sabon fenti, suka koma abin kwalliya. Yawancin na ƙasashen waje ta tashar jiragen ruwa ta Ikko suka shigo, musamman bayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar tudu a farkon 2017. Watau abin da ake hawa a Wuse, sau da yawa wani ɗan Arewa ne mazaunin Agege ko Idi-Araba aka aika wa kuɗi, aka ce ya je kasuwar motoci ta Berger ya zaɓo. Shi ne kuwa za a nema ranar da ma'aikatan kwastan ko 'yan sanda suka tsare motar a hanyar Lakwaja, suka ce lambar da ke jikinta ba ita ce a takarda ba.

Abin mamaki shi ne yadda ake ciniki. Mai saye zai taka taya, ya ƙwanƙwasa bodi, ya kunna rediyo, ya saurari inji har rabin sa'a. Sa'an nan a miƙo masa takardu a cikin leda, ya jujjuya su, ya ce madalla. Lambar shasi, wadda ita ce sunan yankan mota, ba safai ake kallonta ba. Alhali takarda kowa yana iya bugawa, amma ƙarfe ba ya canza magana sai an ji masa rauni, raunin kuwa yakan bar tabo.

Mutanen Amurka sun koyi wannan darasi da tsada. Tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970 kamfanoninsu sun yi ta ƙera motoci masu manyan injuna, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger da Plymouth Barracuda. Bodi ɗaya ne ake sa wa ƙaramin inji ko babba, saboda haka a ido ba a rarrabe su sosai, amma a kasuwa tsakaninsu kamar sama da ƙasa. A 2014 an yi gwanjon wata Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3 da rabi. To, ina mayaudari zai ga wannan ya yi barci? Sai ya sami mai ƙaramin inji, ya dasa mata babba, ya manna tambari, ya ce asali ce. Abin da ke tona shi harafi guda ne. A Barracuda ta 1970 da 1971, harafi na biyar na lambar shasi shi ke faɗin injin da aka haife ta da shi: R na Hemi ne, G na ƙaramin inji mai lamba 318. Masu saye a can ba su tsayawa nan. Sukan gwada lambar da ɗan farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin bonet, da wadda aka buga a jikin inji da giya, har su duba ko ƙusoshin da suka riƙe farantin irin na kamfani ne.

Wannan yaudara ba ta tsaya a Amurka ba. Challenger ta zamani mai ƙaramin inji tana iya shiga garejin wani gwani ta fito da tambarin Hellcat. Haka nan kowa ya san aikin da ake yi a wajen Ladipo, inda ake canza wa mota fitilu da bamba, 'yar 2008 ta wayi gari da fuskar 2015. Gyara ba laifi ba ne idan an faɗa. Laifin shi ne a karɓi kuɗin sabuwa a kan tsohuwa.

Karatun lambar ba wuya gare shi ba. Tun daga 1981 duk motar da aka yi domin kasuwar Amurka tana da lamba mai gurbi 17, wadda Turawa ke kira VIN. Ba a sa haruffan I da O da Q a ciki, don kada su rikice da 1 da sifiri. Wanda ya ga ɗayansu a takarda ya san akwai magana. Gurbin farko ƙasar da aka ƙera motar ne: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Peugeot ta Faransa da VF3 take farawa. Gurbi na takwas a Mustang da Challenger shi ke nuna inji, kuma a Challenger ta 'yan shekarun nan G ƙaramin inji ne, 9 kuwa Hellcat. Gurbi na tara lissafi ne na sauran lambobin, domin a gane ta jabu. Na goma shi ne shekara: Y ita ce 2000, daga 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, sa'an nan A ta zama 2010, a bi haruffa har F ta zo a kan 2015. Sai dai a lura, motocin da aka yi domin kasuwar Turai ba lalle ne su bi wannan ƙa'ida ta shekara ba.

Lambar tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofa, a motoci da yawa kuma an buga ta a jikin ƙarfe. Tilas duka su yi daidai da juna, su yi daidai da takardar kwastan, harafi da harafi. Wurin da aka goge ya yi sumul fiye da kewayensa, ko aka ga alamar walda, ko sabon fenti a daidai lambar kaɗai, wannan ya isa mutum ya mai da kuɗinsa aljihu.

Tsofaffin motoci su ne suka fi bukatar natsuwa, domin waɗanda suka riga 1981 ba su da gurbi 17, kowane kamfani da tsarinsa. Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna ya daɗe yana harhaɗawa bayan ya fara aiki a 1975, da wuya a sami wadda ba a taɓa canza mata inji ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga motar da ta yi shekara 40 tana bin hanyar Kano zuwa Ikko, muddin akwai rasit na injin. Tsohuwar Mercedes kuwa mai lamba 123, bayan lambobi shida na farko akwai biyu masu faɗin gaskiya: 10 ko 12 sitiyarin hagu ne, 20 ko 22 na dama. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun Afrilun 1972. Saboda haka wanda ya ga 22 amma sitiyari yana hagu, ya san wani mai walda ne ya juya shi, rayukan iyalinsa kuma suna rataye a kan wannan walda.

Me ya sa ba a dubawa? Ba jahilci ba ne kawai. Kunya ce. Dillalin ɗan garinsu ne, tare suke salla, ko kuwa wani babba ne ya haɗa su, sai mai saye ya ga kamar fito da tocila a gabansa zargi ne. Hausawa dai sun ce kunyar mara kunya asara ce. Dillalin kirki ba ya fushi don an karanta lamba, shi ma kansa aka tsare, tun da sau da yawa bai san tarihin abin da aka ba shi ya sayar ba. A 2024 Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 waɗanda aka sato daga can aka kawo nan. Duk wanda aka sami irin wannan a hannunsa, mota ta tafi, kuɗi sun tafi, sa'an nan ya shiga bayanin yadda aka yi kayan sata suka zo gidansa.

Wani zai ce manyan ɓarayi sun iya buga lambar da ido ba ya ganewa. Gaskiya ne, tocila ba ta kama kowa. Amma yau akwai abin da ba a da shi a zamanin 504. Da wayar hannu ana iya sa lambar motar Amurka a shafin Carfax ko na NICB, a ga ko an ba da rahoton sace ta, ko ambaliya ta taɓa cinye ta kamar dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a 2017. Kwastan su ma tun 2022 da wannan lamba suke ƙiyasta kuɗin fito. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, babban ofishinta yana nan Wuse shiyya ta 3, kuma tana da rajistar lambobin motoci. Abin da ya rage wa hukumomin nan shi ne su haɗa littattafansu wuri guda, yadda talaka zai yi tambaya ɗaya ya sami amsa ɗaya.

Kafin a kai can, wanda aka aika wa kuɗi daga Wuse ya ɗauki hoton lambar a wurare uku, ya tura wa mai kuɗin, ya tafi da makanikin da ba dillali ne ya kawo shi ba. A rubuta lambar cikakkiya a takardar ciniki gaban shaidu, sa'an nan a ba da kafin alƙalami.