Ƙofofin Kalsiyam da Ciwon Daji: A Yi Hattara da Gaggawa

Yawancinmu mun san kalsiyam a matsayin abin da ke ƙarfafa ƙashi kawai. Aikinsa ya wuce nan. A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai 'yan ƙofofi da kan buɗe ya shiga, shigarsa kuwa umurni ce: ƙwaya ta rabu biyu, ko ta motsa, ko ta mutu. Yawansa a waje ya ninka na ciki kamar sau 10,000, don haka ɗan buɗewa kaɗan ya isa.

Ciwon daji kuwa ƙwayoyi ne da suka kangare, suna hayayyafa ba tsayawa. Masana sun tarar ƙofar TRPV6 takan yawaita a wasu nau'o'in sankarar mama, kana a 2009 gwaji a kan ɓeraye ya nuna Orai1 da STIM1 suna taimaka wa sankarar wajen yaɗuwa a jiki.

Wani zai ce ashe magani ya samu, tunda magungunan toshe ƙofofin kalsiyam, watau irin su amlodifin da berafamil, suna nan jibge a kantuna. Ba mu yarda ba. Ƙofofin iri-iri ne, kuma waɗanda magungunan nan ke toshewa na zuciya ne da jijiyoyin jini. Lalle a 1981 Takashi Tsuruo na Japan ya nuna berafamil na karya taurin kan ƙwayoyin sankarar jini ga magani, amma da aka zo kan mutane, adadin da ake bukata sai ya taɓa zuciya.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsoro. A 1996 wani bincike ya zargi magungunan nan da jawo ciwon daji. Gwajin ALLHAT na Amurka, mai mutum fiye da 33,000, da aka bayyana a 2002, bai ga amlodifin ya ƙara ciwon ba. Zargi dai ya fi wankewa saurin tafiya.

Iyayenmu da yawa amlodifin suke sha saboda hawan jini, kuma mu 'yan boko suke tambaya idan sun ji jita-jita. In Baba ya ce zai daina, mu tuna masa hawan jinin da aka bari yakan kawo shanyewar ɓarin jiki, sa'an nan mu raka shi wurin likita.