Ra'ayinmu: Kafin Mu Tafa

Kowace shekara, ranar bikin yaye ɗalibai, sai wani babban ɗan siyasa ya miƙe ya kira mu manyan gobe, mu kuwa mu yi ta tafi. A ganinmu ya kamata mu koyi auna irin wannan jawabi tukuna.

Mu ɗauki misalin jawabin da Shugaba Kennedy ya yi wa ɗaliban Jami'ar Amurka a Washinton ran 10 ga Yuni 1963, wata takwas bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba. Dabara uku ya yi. Ta farko, ya yi ta nanata batun zaman lafiya har ya zauna a kunnen jama'a. Ta biyu, ya tuna wa Amurkawa cewa aƙalla mutum miliyan 20 Tarayyar Sobiyet ta rasa a Yaƙin Duniya na Biyu, watau ya mai da abokin gaba abin tausayi. Ta uku, ya ɗaure kansa da alkawarin cewa Amurka ba za ta gwada bam ɗin nukiliya a sararin sama ba muddin wasu ba su fara ba. Ran 5 ga Agusta 1963 aka sa hannu kan yarjejeniyar hana irin wannan gwaji a Mosko.

Dabaru biyun farko kowane mai daɗin baki ya iya su. Ta ukun ce ke da wuya, domin ana iya bin mutum bashinta.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mai jawabi ya zauna, mu tambayi kanmu: wane alkawari ya ɗauka, yaushe zai cika, wa zai tuna masa?