Shayin bargamot: kada hanci ya yi ciniki shi kaɗai

Bargamot wani irin lemu ne mai ɗaci wanda ba a sha, man ɓawonsa ake tatsa. Mafi yawansa daga Kalabiriya yake fitowa, a kudancin Itali. Idan aka shafa man ga baƙin ganyen shayi, an sami Earl Grey, wanda ya ci sunan faraministan Ingila na 1830 zuwa 1834.

Suna ɗaya ne, amma ɗanɗano ya sha bamban, gwargwadon ganyen da ke ƙasa. Na Silan yana da kaifi, ya dace da lemun ƙwarai. Kimun na ƙasar Sin ya fi taushi, da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Asam kuwa ƙarfinsa yakan danne ƙamshin, sai da madara. Shuɗin furen da wasu gidajen Faransa suke barbaɗawa ciki, ado ne kurum.

Inda ɗan kasuwa yake asara shi ne wajen ganye mai arha da aka fesa wa turaren haɗi. A gwangwani ƙamshinsa ya fi na gaske tashi, a baki kuwa sai ka ce sabulu. Saboda haka a ɗanɗana kafin a biya: ruwan zafi, minti 3 zuwa 4, ba sukari, a bari ya ɗan huce.

Wanda ya ɗora shi bisa gawayi yana ta tafasawa, kamar koren shayin fada, ya kori man da tururi, ɗaci kawai zai tarar a finjali. Buɗaɗɗen buhu cikin zafin Afrilu ma haka yake yi masa, a hankali.